Tarukan bitar malaman gona na gundumarmu: tauraro huɗu na ba su, ɗayan na riƙe

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na yi shi ne musamman saboda 'yan uwan da neman halak ya kai su ƙauyukan Amurka, masu aikin kamfanin nama, da masu aikin gidan kula da tsofaffi irina, da direbobin manyan motoci da suka ajiye iyali a ƙaramin gari saboda sauƙin haya. Akwai wani ofishi a gundumarku da na tabbata da yawanku kun sha wucewa ta ƙofarsa baku taɓa leƙawa ba, alhali kuwa da harajinku ake biyan ma'aikatan ciki. Ofishin malaman gona nake nufi, a allonsa zaku ga an rubuta Extension sannan ga sunan babbar jami'ar jiharku a gefe. Wani wajen yana cikin ginin kotun gunduma, wani wajen kusa da filin baje koli, namu dai wani ɗan gini ne a bayan filin da in ka ganshi ba zaka ce ana wani abu a ciki ba. Na jima ina zuwa tarukan bitar da suke shiryawa, ni da yara, wani lokacin har da maigidan in ya samu hutu, shine naga ya kamata in faɗi abinda na gani tsakani da Allah, mai kyan da marar kyan.

Abinda yafi burge ni da su shine babu mai sayar maka da komai. A ƙasar nan kun sani duk wanda ya baka shawara kyauta to akwai abinda ke hannunsa na sayarwa, ko magani ko inshora ko wani kwas na intanet, amma waɗannan albashinsu ba daga aljihunka yake fitowa kai tsaye ba, don haka in amsar tambayarka ita ce kada ka sayi komai, haka zasu faɗa maka. Misali tumatir ɗina ya riƙa baƙi ta ƙasa yana ruɓewa tun yana jikin uwarsa, na kai wani shagon kayan lambu suka ɗauko min kwalbar feshi, na kai irin wannan tumatirin wajen bitar lambu malamar ta juya shi a hannunta tace wannan ba cuta bace, ba ƙwaro bane, sinadarin kalsiyam ne baya kaiwa ga ɗan tumatirin saboda ban ruwan baya tafiya daidai, yau ƙasa jagab gobe ta bushe ƙamas. Tace in shimfiɗa ciyawa ko busasshen ganye a gindinsu don ƙasar ta riƙe laima, in riƙa ban ruwa mai zurfi akai-akai, shikenan. Ko sisi ban kashe ba kuma 'ya'yan da suka biyo baya lafiya lau suka nuna.

Kuma ba da ka suke faɗa ba. Kowane ofishin gunduma reshe ne na jami'ar noma ta jihar, irin jami'o'in nan da aka kafa da dokar Morrill wadda Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, inda gwamnatin tarayya ta ba kowace jiha fili eka 30,000 a kan kowane ɗan majalisar tarayya da take da shi, a sayar a kafa makarantar koyon noma da aikin hannu. Yana da kyau a faɗa cewa mafi yawan filayen nan daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe su, wannan ba ɓoyayyen abu bane yanzu, jami'o'in da kansu wasu sun fara amsawa. A 1890 aka sake wata dokar da ta samar da irin waɗannan jami'o'i na baƙar fata a jihohin kudu inda ake wariya, a 1994 kuma aka shigar da kwalejojin 'yan asalin ƙasa. Ita kuwa dokar da ta haifi ofisoshin gunduma ɗin nan, Smith-Lever, a 1914 shugaban ƙasa Woodrow Wilson ya sa mata hannu, manufarta a ɗauki abinda aka gano a gonakin gwaji na jami'a a kai wa mutanen da ba zasu taɓa shiga aji a jami'ar ba. Kuɗin gudanarwa kashi uku ake haɗawa, tarayya da jiha da gunduma, shi yasa zaka ga gunduma mai kuɗi ofishinta cike da ma'aikata, matalauciya kuma malami ɗaya ake rabawa da maƙwabta. Ƙasar nan tana da gundumomi sama da 3,000 kuma kusan kowacce akwai ofishin a cikinta ko kusa da ita, don haka kar wani yace min a wajensu babu kafin ya bincika.

Bitar gwajin ƙasa ita ce zan ce kowa ya fara da ita in dai yana da ɗan fili a bayan gida. Suna nuna maka yadda zaka ɗebi ƙasa, zurfin inci 6 ko ɗan fiye, daga wurare da yawa a cikin lambun ba waje ɗaya ba, ka haɗa a bokitin roba ka cakuɗa ka ɗebi kaɗan ka zuba a 'yar jakar da zasu baka, su kuma su aika ɗakin gwajin jami'a. Kuɗin 'yan daloli ne, bai kai na buhun taki ɗaya mai kyau ba. Takardar da zata dawo zata faɗa maka tsamin ƙasar, da yawan fosfaras da fotash, da abinda zaka ƙara da wanda zaka daina zubawa. Yawancin kayan lambu sun fi son ma'aunin tsami tsakanin 6 da 7, in ya yi ƙasa da haka sai a ce ka watsa farar ƙasa gwargwado kaza. To takardar nan in kai kaɗai ka karanta ta kanka zai ɗaure, lambobi ne zalla, amfanin bitar shine ka zo da taka a zauna da kai layi-layi. A ranar da muka je akwai wani dattijo da ya shekara da shekaru yana zuba irin taki ɗaya a lambunsa, takardarsa ta nuna fosfaras ya yi masa yawa har ya wuce ƙima, malamin yace masa ya huta da wannan takin na wasu shekaru, kuɗinsa kawai yake zubarwa kuma rarar tana bin ruwan sama ta gangara rafi. Wani abu da ya kamata masu haya a tsofaffin gidaje su riƙe: sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen zama a Amurka, don haka gidan da ya girmi wannan shekarar ƙasar da ke jikin bangonsa tana iya ɗauke da dalma, kuma gwajin ƙasa na yau da kullum baya haɗawa da ita sai ka nema daban. In kina da ƙananan yara masu wasa da ƙasa, ki nema don Allah.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi tsorata ni. Gidaje da yawa a karkara ba ruwan gwamnati suke sha ba, rijiyar burtsatse ce ta gidan, kuma dokar tsaftar ruwan sha ta 1974 bata shafi rijiyar gida ba, wato babu wani jami'i da zai zo ya auna maka, in ka auna ruwanka in baka auna ba ruwanka. Mu da muka zo daga birni muka kama haya a nan mun ɗauka duk ruwan da ya fito daga famfo an riga an duba shi, mai gidan bai ce mana komai ba. A bitar aka ce a riƙa gwadawa duk shekara, a duba ƙwayoyin bakteriya da kuma naitiret, wanda yake sauka cikin ruwan ƙasa daga takin zamani da kashin dabbobi da ramin bayan gida. Iyakar da aka ɗora wa ruwan gwamnati miligiram 10 ne a lita, in ya haura hatsari ne ga jariri ɗan ƙasa da wata 6 musamman wanda ake dama wa madara da ruwan, yana hana jini ɗaukar iska har jikin yaro ya canza launi. Kuma ga abinda da yawa bamu sani ba, tafasa ruwan baya cire naitiret, ƙara masa ƙarfi ma yake yi tunda ruwa na tafiya a tururi shi kuma yana nan. Sun raba kwalaben ɗibar ruwa a wajen, suka nuna yadda ake ɗiba ba tare da hannu ya taɓa bakin kwalba ba, da yadda dole a kai shi da wuri kafin ya kwana biyu. Wannan zaman kaɗai ya isa in ce ofishin ya biya kuɗinsa.

Amma ajin da na fi so, wanda nake ta jan mata zuwa, shine na adana abinci a kwalba. Nan lokacin noma gajere ne, daga watan Yuli zuwa Satumba kaya su taso maka gaba ɗaya, tumatir da tattasai da kuɓewa da koren wake, maƙwabta ma suna ajiye maka a ƙofa don sun rasa yadda zasu yi da nasu, sannan sanyi ya zo ya kashe komai a dare ɗaya. Firiza tana cika, don haka dole ka koyi kwalba. A kicin ɗin ofishin ake yi, kowa da atamfar kicin ɗinsa, ba kallo kake ba da hannunka kake yi, ka wanke kwalabe ka yanka ka cika ka bar sarari a sama yadda aka auna ka goge bakin ka rufe. Malamar wata dattijuwa ce mai haƙuri ƙwarai amma akan ƙa'ida bata wasa ko kaɗan, kuma ta bayyana mana dalili. Abinci kashi biyu ne a wajenta, mai tsami da marar tsami, iyakar kuma ma'aunin 4.6 ce. Mai tsami kamar yawancin 'ya'yan itace da abinda aka jiƙa da binega, tafasasshen ruwa ya ishe shi. Marar tsami kuwa, nama da kaza da kifi da wake da masara da kuɓewa da tattasai da dankali, tafasa kwalbarsa a ruwa komai daɗewa bata wadatar, saboda ruwa baya wuce digiri 212 a ma'aunin Faranhait, ita kuma ƙwayar cutar botulizim irinta baya mutuwa sai an kai 240, wato wajen 116 a Salshiyas, kuma wannan zafin sai a tukunya mai matsin tururi ake samunsa. Ƙwayar tana son waje marar iska marar tsami, kaga kuwa rufaffiyar kwalba gidanta ne, kuma dafin da take fitarwa ba lallai ka ji wari ko ka ga alama ba, yana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara. Ta bamu labarin abinda ya faru a jihar Ohio a 2015, wajen wani cin abinci na coci, inda aka yi salak da dankalin da aka adana a gida da tafasasshen ruwa maimakon tukunyar matsi, mutum 29 suka kamu har aka yi rashin rai. Ajin ya yi tsit.

Tumatir ma da muke ganin mai tsami ne, tace a kan iyaka yake, wani irin tsaminsa bai kai ba, don haka dole a zuba ruwan lemun tsami na kwalba, babban cokali 2 a babbar kwalba, 1 a ƙarama, kuma na kwalban ake so ba wanda ka matse ba don shi ƙarfinsa a aune yake. Wata a cikinmu tace kakarta shekara da shekaru tana yi ba tare da wannan ba kuma ba wanda ya mutu, malamar bata yi mata tsawa ba, tace Allah ne ya tsare, ita dai abinda aka gwada a ɗakin bincike take koyarwa. Ta kuma ja kunnenmu akan miyar da ka haɗa da kanka, tumatir da albasa da tattasai da mai, cewa kar a sa a kwalba sai da tsarin da aka gwada, don kayan marasa tsami suna rage tsamin gaba ɗaya, in kana son irin haɗinka to firiza ce wajensa. Wannan ya shafe mu sosai mu masu niƙa kayan miya da yawa lokaci ɗaya. Haka tukunyar lantarkin nan ta zamani da ake dafa shinkafa da nama a ciki, bata amince a yi wannan aikin da ita ba. Sannan in garinku a kan tudu yake dole a ƙara matsi ko lokaci, tunda ruwa a sama da wuri yake tafasa. Geji ɗin tukunyar matsin mai allura, wato abin auna matsin, kuma duk shekara ake so a duba shi, ofishinmu suna dubawa kyauta, ka kai murfin kawai cikin 'yan mintuna an gama, in ya kauce da fiye da fam 2 sai a canza.

Na daɗe a kan wannan ne saboda a Facebook da TikTok ina ganin mata 'yan uwanmu suna koyi da bidiyon da ake rufe nama a kwalba da ruwan zafi kawai, ko a tanda, hankalina yana tashi wallahi.

Ɓangaren yara shine 4-H, ƙungiyar da ke ƙarƙashin wannan ofishin, tushenta yana komawa wajen 1902, kuma yanzu yara wajen miliyan 6 ne a cikinta a faɗin ƙasar. Yawanci daga shekara 8 zuwa 18, da ɗan rukunin ƙanana. Yaro zai zaɓi aikin da zai yi shekara yana yi, kiwon kaji ko zomo ko akuya ko ɗinki ko girki ko ɗaukar hoto ko haɗa mutum-mutumin inji, ya riƙa rubuta abinda ya kashe da abinda ya koya, sannan a baje kolin gunduma ya tsaya gaban alƙali ya yi bayani da bakinsa. 'Yata da ko gaisuwa sai an matsa mata take ɗaga kai, yanzu tana tsayawa ta yi bayanin kajinta ba gargada. Akwai masu kiwon alade da yawa a ciki, wannan sana'arsu ce a nan, amma ba wanda zai tilasta wa ɗanka, kuma ranar cin abinci in ka tambayi abinda ke cikin kwano zasu faɗa maka ba tare da ɓata rai ba. Matasa 'yan 14 da 15 masu son aikin hutu a gonar wani, doka ta ce sai da takardar horo kafin su tuƙa babbar tarakta, wannan horon ma ofishin ke shiryawa. Sauran abubuwan ban shiga duka ba, akwai na lasisin feshin maganin ƙwari na manoma, da na lissafin gona da gadon fili, da na motsa jiki na tsofaffi, da wani da aka yi kan damuwa da ƙuncin rai a tsakanin manoma inda suka raba katin layin 988 da aka buɗe a 2022 don wanda ya shiga matsanancin hali. Tun da murar tsuntsaye ta dawo a 2022 kuma suna yawan yin zama da masu kaji a bayan gida. Akwai kuma 'yan sa kai na Master Gardener, tsarin da ya faro a jihar Washington a farkon shekarun 1970 lokacin da tambayoyin masu lambu suka fi ƙarfin malaman gona, ana horar da kai sannan ka biya da awannin aikin sa kai, su ne ke amsa waya da duba ganyen da mutane ke kawowa a leda.

To yanzu tauraron da na riƙe.

Lokacin da suke sa tarukan nan bai dace da mai aikin albashi ba sam. Talata ƙarfe goma na safe, Alhamis ƙarfe ɗaya na rana, wa ke da wannan lokacin in ba wanda ya yi ritaya ba ko manomi mai gonar kansa? Mai aikin dare a lokacin barci yake, mai aikin safe yana kan layi a kamfani, uwa mai ƙananan yara kuma babu inda zata ajiye su don ba a tanadi mai kula da yara ba. Shi yasa in ka shiga ajin fuskoki ɗaya kake gani kullum, dattawa farare da suka san juna tun suna yara, mutanen kirki ne ba zan ci haƙƙinsu ba sun karɓe ni hannu bibbiyu, amma rabin abinda ake koyarwa sun riga sun sani. Waɗanda suka fi buƙata, sababbin zuwa masu hayar tsohon gida mai rijiya da fenti mai dalma, su ne babu su a ɗakin. Gundumarmu cike take da ma'aikata 'yan Latin Amurka da 'yan Afirka da 'yan Asiya, makarantar firamare ma ta shaida, amma a ajin gwajin ruwa ni kaɗai ce baƙuwa. Wannan abin yana ci min rai matuƙa.

Sanarwa ma haka. A jaridar gunduma mai fitowa mako-mako suke sawa, da gidan rediyon garin da sassafe, da takardar da ake aikawa waɗanda suka riga suka yi rajista, wato sai ka riga ka shiga kafin ka ji labarin yadda ake shiga. Shafinsu na intanet wani lokacin taron da ya wuce tun watanni ne a sama, Facebook ɗinsu ya fi amma sau da yawa ana gobe taro ake sawa. Babu takarda ko ɗaya a shagon da baƙi ke sayayya, ko wajen wankin kaya, ko ɗakin hutun kamfani, ko masallaci. A ƙasan takardunsu akwai ɗan rubutu ƙanana cewa in kana buƙatar wani taimako na musamman ka sanar da su tun da wuri, kuma gaskiya in ka nemi tafinta suna ƙoƙari, amma wanda Turancinsa bai kai ba ta yaya zai karanta wannan ƙaramin rubutun har ya kira waya? Ga nisa, gunduma ce mai faɗi ba motar haya, komai a babban garin ake yi, wanda ke can gefe in motar gida ɗaya ce kuma maigida ya fita da ita to shikenan. Sun ɗan koma Zoom a wasu abubuwan, sai dai intanet ɗin karkara kun san halinsa, kuma kwalba da ƙasa ba a koyonsu ta allo.

Abinda yasa nake ganin ina da bakin yin wannan ƙorafin shine asalin aikin ba haka yake ba, fita ake yi a je a samu mutane. A 1903 wani masanin noma, Seaman Knapp, gonar wani manomi ya je a Terrell ta jihar Texas, aka ware fili aka noma yadda ya tsara, 'yan kasuwar garin suka tsaya wa manomin cewa in ya yi asara zasu biya, maƙwabta suka gani da idonsu abin ya yi kyau, daga nan salon ya bazu a daidai lokacin da ƙwaron auduga ke cinye gonakin kudu. A 1906 kuma masanin noma George Washington Carver a makarantar baƙar fata ta Tuskegee ya tsara keken doki da aka loda wa kayan aiki da iri da kayan gwaji, malamin gona Thomas Campbell yana zagawa da shi ƙauyukan Alabama yana samun baƙaƙen manoma a gonakinsu da ƙofar cocinsu, saboda sun san talakan da ke noma gonar wani ba zai bar aiki ya zo makaranta ba. Yau mai yankan nama a kamfani shine wanda ba zai iya barin aiki ba, to me zai hana a ɗauki kwalaben gwajin ruwa a je ƙofar kamfanin lokacin tashi?

Ban ɗora wa ma'aikatan laifin duka ba, na ga yadda suke. Mutum ɗaya ce ke riƙe da harkar abinci da lafiya a gundumomi fiye da ɗaya, tana tuƙi daga nan zuwa can da tukwane a bayan mota, lokacin baje koli kuwa kusan a filin suke kwana. Kuɗi ma raguwa yake yi, dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta yanke kuɗin shirin SNAP-Ed wanda da shi ake koyar da girki da tsimin cefane ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma a jihohi da yawa ta hannun waɗannan ofisoshin aka riƙa gudanar da shi, kaga wanda ya fi kusa da talaka shi ya fara tafiya. Amma canza awa daga safe zuwa yamma baya cin kuɗi mai yawa, manna takarda a shago ma haka.

Na kai musu maganar da kaina, kuma a nan ma sun samu maki a wajena don basu kare kansu ba. Shugabar ofishin tace suna da kwamitin shawara na mutanen gunduma da ke zama su tsara abinda za a koyar a shekara, kuma duk wanda ke ciki irin mutanen da ke zuwa ajin ne, don haka lokacin da ya dace da su suke zaɓa, tace in zan iya in zo in zauna ko in kawo wani. Tace kuma in muka haɗa mutane ko da goma ne muka samu waje, ita zata zo ta same mu ranar Asabar. Mun gwada, a ɗakin taro na laburaren garin, aka yi na gwajin ruwa da yamma, mata suka zo da yaransu wata ta riƙa fassara wa waɗanda basa jin Turanci sosai, kuma kwalaben da ta kawo basu isa ba sai da ta koma mota ta ƙaro.

Don haka in zaku neme su kar ku tsaya jiran sanarwa. Ku rubuta sunan gundumarku da kalmar Extension a Google lambar waya zata fito, ku kira ku ce a saka ku a jerin masu karɓar imel, ku tambayi ranar gwajin ƙasa da na ruwa da ranar duba geji, da lokacin rajistar 4-H wanda a wurare da yawa da kaka ake buɗewa bayan an koma makaranta. In kuɗin wani aji ya yi muku yawa ku faɗa, a namu akwai rangwame amma sai ka tambaya. Masu son ajin kwalba ku yi rajista tun watan Yuni don kicin ɗin mutane kaɗan yake ɗauka kuma da wuri yake cika, sannan ku tafi da takalmi rufaffe, ba sa barin mai silifas ya tsaya kusa da tukunyar.